Ranar da Kawu Ya Wanke Yaƙi

Babu wanda ya ga yaƙin, amma kowa a garin yana da kakan da ya yi jarumta a cikinsa. Ba a taɓa jin gidan da nasu kakan ya gudu ba. An ce mutanen garin sun hau tudun da ke bayan gari sun kafa ganuwa, abokan gaba suka kewaye su tun rani har damina ta faɗi, daga ƙarshe aka cinna wa ganuwar wuta. Wasu sun ce a kan rijiya aka yi shi, wasu sun ce a kan wata goɗiya da aka ara ba a mayar ba. Mutanen garin da ke tsallaken kogi su ma suna da labarin, iri ɗaya sak, sai dai su a kan nasu tudun aka yi.

Haka aka zauna lafiya, kowa da yaƙinsa, har ranar da wani kamfanin fasa dutse ya gano cewa tudun bayan gari tsakuwa ce mai kyau tun daga sama har ƙasa. Hukuma ta ce za ta ba kamfanin, sai fa idan an tabbatar wurin tarihi ne. Aka kafa kwamiti, aka sa ranar da zai zo ya gani da idonsa. A nan ne aka tuna garin yana da 'ya wadda ta karanci tonon kayan tarihi, wadda a da ake tausaya wa iyayenta cewa ta ƙarar da ƙuruciyarta a makaranta don ta koyi haƙa rami.

'Yar, wadda ake kira Dakta, ta zo da cokulan gini, da rariya, da igiya, da ledoji masu yawa. Ta ɗauki 'yan ƙwadago, ta ja igiya a gefen tudun na kudu, suka fara kankare ƙasa a hankali kamar masu tsoron kada su tashe ta daga barci. Mutanen gari suka hau kallo, suka ga ba a fito da tukunyar zinariya ba, suka sauko.

Mutum ɗaya ne bai gaji da hawa ba, wato kawunta, ƙanin mahaifiyarta, wanda a hannunsa ta tashi. Shi ne mai kula da gidan tarihin garin tun kafin a haife ta. Gidan tarihin ɗaki ne dogo kusa da gidan waya, da ɗan sito a bayansa. Kawu yana da ƙa'idar aiki wadda bai taɓa saɓa wa ba: duk abin da ya shigo hannunsa sai an wanke shi, an goge, an shafa masa mai, sannan a jera shi daga babba zuwa ƙarami. Haka ya jera takubba, haka ya jera tsofaffin kwaɗuna, haka ma takalman gidansa suke a bakin ƙofa. Matarsa, wadda Dakta ke kira Inna, takan ce da mutane suna tsayawa inda aka ajiye su, da tuni ya jera garin.

Wata safiya Dakta ta kira shi bakin ramin.

"Kawu, sauko ka ga wani abu. Ka ga wannan baƙin layin da ya ratsa bangon ramin?"

"Na ga datti, Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"Toka ce. Ka san ƙasa kamar kayan cikin akwati take, abin da ke ƙasa shi aka fara sawa. Can sama mun sami kibau, amma na mafarauta ne na kwanan nan, tare da murfin kwalba muka same su. A tsakiya ma mun sami wasu. Amma a cikin tokar nan, a gindin wannan katangar da ta ƙone, kibau ne barkatai, duk sun fuskanci ciki."

Ta nuna masa ɗaya. Itacen kibiyar ya daɗe da zama ƙasa, bakin ƙarfen ne kawai ya rage, shi ma tsatsa ta dunƙule shi har ya yi kama da kashin akuya.

"Kibiya ita kaɗai ba ta faɗin komai," in ji ta. "Inda aka same ta shi ne maganarta. Shi ya sa kowacce take da ledarta da takardar da ta ce daga wane hawa ta fito. Gawayin nan kuma, in na kai shi ɗakin gwaji, zai faɗi shekarar da wutar ta ci."

"Ni ma ai na faɗi shekarar, tun kina goye. Tambayata ce ba a yi ba, don ba ni da farar riga."

"Kawu, naka labari ne. Kwamiti hujja yake so."

"To Allah ya ba hujja lafiya."

Ta kwashe ledojin ta kai siton gidan tarihi, don nan ne kaɗai ɗaki mai kwaɗo a garin da ruwa ba ya zuba. Ta jera su a ƙasa, kowane hawa da layinsa. Sai ta tafi birni neman takardar izinin kai gawayin gwaji, tana zaton yini ɗaya za ta yi. Amma mai sa hannu ya tafi taro, mataimakinsa ya tafi gaisuwa, hatimi kuma yana cikin aljihun teburin wanda ya tafi taron. Ba ta samu dawowa ba sai da safiyar ranar da kwamiti zai zo.

Tun daga bakin ƙofa ta ji warin man keken ɗinki. Ta tarar da Inna tana goge tagogi, ta gaishe ta.

"Sannu da hanya, 'yar nan," in ji Inna, ba ta dube ta ba. "Ni dai ki shaida, na faɗa masa. Na ce Malam, yarinyar nan ba ta sa ka ba. Ya ce me na sani a tarihi. Na ce ban san tarihi ba, amma kai na san ka."

Kawu ya fito daga ciki da sabuwar riga, fuskarsa kamar ta ango.

"Uwata! Rufe idonki. A'a, buɗe, zo ki gani."

A tsakiyar ɗakin an sa sabon akwatin gilashi, an shimfiɗa masa jan ƙyalle. A kan ƙyallen kibau ne a jere, daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta, suna ƙyalli kamar cokulan amarya. Dakta ta tsaya.

"Kawu, ina ledojin?"

"Na ƙona su, sun yi ƙura. Amma kada ki damu, takardun suna nan, ban yar da ko ɗaya ba."

Ya jawo wani ƙaramin kwali ya buɗe. Takardun da ta maƙala wa kowace leda suna ciki, an goge su da dutsen guga, an jera su daga babba zuwa ƙarama.

"Da me ka goge kibau ɗin?"

"Na jiƙa su a ruwan lemon tsami suka kwana, sannan na bi su da buroshin waya, sannan sanfefa. Kin san wahalar da na sha? Dubi yatsuna. Wasu ma ashe ba kibau ba ne, ina gogawa suka zama gari. Da an nuna wa baƙi su, da mun ji kunya."

Dakta ta ciro wayarta ta buɗe hotunan da ta ɗauka a rami. A hoto, kowace kibiya dunƙulen tsatsa ce. A akwati kuwa kowacce siririya ce, fes da ita. Ta duba hoto, ta duba akwati, ta sake duba hoto. Ko uwar da ta haife su ba za ta gane su ba.

"Gawayin fa?" Muryarta ta yi ƙasa.

Kawu ya nuna wata babbar kwalba a kan kanta, cike har wuya, an rubuta mata da kyakkyawan rubutu: Tokar Yaƙi.

"Na ga kin rarraba shi ɗan mitsi-mitsi a takardar azurfa, kamar mai sayar da magani. Na haɗe miki shi wuri guda."

"Kawu, gawayin da na tono bai kai rabin kwalbar nan ba."

"Shi ne ai. Ya yi kaɗan, kamar ba yaƙi ba, kamar an dafa shayi. Sai na karɓo ciko wajen mai guga."

Inna daga taga ta ce, "Har da ya ce a zaɓo masa mai kyau."

Dakta ta zauna a kan bencin baƙi. Ta dubi tsohon nan da ya sayar da kekensa ya saya mata littattafai, yatsunsa duk filasta, yana jiran a ce masa sannu da aiki.

"Ba ki ce komai ba, Uwata."

"Ina neman inda zan fara ne, Kawu."

"Fara da babbar kibiyar. Ni ma ita ta fi burge ni."

Ba ta samu ta fara ba, don motoci sun tsaya a waje.

Shugaban kwamiti ne ya fara shigowa, mutum mai jiki, wanda ya yi shugabancin kwamitoci da yawa har ya iya gyaɗa kai tun kafin a gama magana. Bayansa Farfesa, wanda a kan kiwon kifi ya yi farfesancinsa, amma doka ta ce dole a sami farfesa a kwamitin, ba ta ce na mene ne ba. Sai Sakatare da jakarsa. Na ƙarshe Injiniyan kamfanin fasa dutse, siriri, mai ƙurar dutse a takalmi, wanda aka gayyata don a ce an ji ta bakin kowa.

Shugaba ya nufi akwatin gilashi kai tsaye, ya sunkuya, ya dafe ƙirji.

"Allahu Akbar. Farfesa, zo ka gani. Dubi kaifi! Mutanen da ba su da lantarki, ba su da komai. Yanzu ka ba maƙerinmu ƙusa ya miƙe maka, sai ya ce ka dawo jibi."

"Ƙwarai, ranka ya daɗe," in ji Farfesa. "Ga alama ƙarfen na da ne sosai."

"Tsatsa ma ba ta kama shi ba!"

"Shi ne nake cewa."

Kawu ya gyara tsayuwa, ya fara ba da labarin yaƙin tun daga goɗiya. Shugaba ya saurara yana gyaɗa kai. Da aka zo wurin wuta, Kawu ya sauko da kwalbar, Shugaba ya buɗe ya shinshina, ya ce har yanzu ana jin ƙaurin. Inna ta yi tari ta fita.

Injiniya ne ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ina da 'yar tambaya ga Dakta. Ni aikina yanka tudu, na san ƙasa hawa-hawa take. Na kuma ji an ce a sama ma an sami kibau, tare da murfin kwalba. To cikin waɗannan, wacce ce ta fito daga toka, wacce ce ta kwana da murfin kwalba?"

A duk cikinsu mutum ɗaya ne ya fahimci aikinta, shi ne kuma wanda ya zo cinye tudun.

Dakta ta miƙe. Ba wanda zai iya ƙaryata ta in ta nuna layin farko ta ce waɗannan ne. Hotunan ba za su tona ta ba, tunda ba su yi kama da komai ba. Kawu yana kallonta, Shugaba ya riga ya fara gyaɗa kai. Yatsa kawai za ta ɗaga, tudu ya tsira.

"Ban sani ba," ta ce.

"Na'am?" in ji Shugaba.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Kafin in tafi birni na sani, yanzu ban sani ba. An gauraya su, an kankare su. Gawayin kwalbar nan kuma in an gwada shi, zai iya cewa makon jiya aka yi yaƙin. Na ga katangar da ta ƙone, na ga kibau a cikin toka, da idona. Amma abin da ke cikin ɗakin nan yanzu ba hujja ba ne. Abin da nake roƙo, a dakatar da kamfani rani ɗaya. Gefen arewa ban taɓa shi ba, komai yana nan a kwance yadda aka bar shi. A bar ni in tona, in kawo muku abin da zai tsaya a gaban kowa."

Kawu ya ajiye kwalbar a hankali. "Uwata, a gaban baƙi?"

"Ka yi haƙuri, Kawu."

"Ni na ɓata miki? Ni da na kwana ina..." Bai ƙarasa ba. Ya sa hannayensa masu filasta a aljihu.

Injiniya ya dube ta, ya ɗan sunkuyar da kai. Ya buɗe baki zai yi magana, Shugaba ya riga shi da dariya.

"Kai, masu ilimi! Farfesa, ka ji irin naku ko? A kawo musu abu yana ƙyalli a gabansu, su ce ba su gani ba sai an aika birni an tambayo. 'Yata, tawali'u yana da kyau, amma kada ya yi yawa. Ni na yi kwamitoci. Na je wurin da aka nuna mana dutse ɗaya aka ce wani sarki ya zauna a kai, muka amince. Nan kuwa ga makamai, ga toka, ga dattijo ya ba da labari babu ko gargada. Me ya rage? Sai an kawo mana gawa ta yi rantsuwa?"

"Ranka ya daɗe, tokar ta mai guga ce."

"Duka?"

"Kusan rabi."

"To ai rabi ta yaƙi ce ke nan. Farfesa?"

"A kimiyyance rabi ba kaɗan ba ne," in ji Farfesa.

"Sakatare, rubuta. Kwamiti ya gamsu cewa a kan tudun nan aka yi yaƙin. Mutanen tsallaken kogi su nemi wani yaƙin."

"Ni ba zan sa hannu a wannan ba," in ji Dakta.

Sakatare ya ɗago da fara'a. "Babu damuwa, Dakta. Ke ba 'yar kwamiti ba ce. Sunanki yana cikin waɗanda suka halarta, ya wadatar."

Kawu ya farfaɗo. Ya kama hannun Shugaba da hannu biyu yana godiya, yana waiwayen Dakta da idon wanda ya yafe amma yana so a san ya yafe. Ita kuwa ta saki ajiyar zuciya. Ta ce a ranta, ko ta wace ƙofa aka bi, tudu dai ya tsira, gefen arewa yana nan, rani yana zuwa.

Sai Shugaba ya ce a hau a ga wurin.

Aka hau, ana tsayawa yana hutawa. A sama ya dubi ciyayi, ya dubi ramin Dakta da igiyoyinsa, ya dubi kashin shanu, ransa ya ɓaci.

"Yanzu nan ne wurin da kakanninmu suka ba da jininsu? A cikin wannan jeji? Wallahi mun ci amanarsu. Idan baƙo ya zo daga wata ƙasa, nan za mu kawo shi ya faɗa rami?" Ya juya. "Sakatare, ƙara. A baje saman nan ya zama fili, a zuba siminti. A tsakiya a gina hasumiya mai siffar kibiya. A yanko hanya daga ƙasa har sama, don manya ba za su iya wannan hawan ba."

"Ranka ya daɗe," in ji Dakta, "in aka baje, an gama. Abin da ya sa wurin ya zama wuri yana cikin ƙasar nan da za a kwashe. A bar mini gefen arewa kawai."

"Ina ne arewa?"

Ta nuna.

"Madalla, ya fi faɗi. Nan motoci za su riƙa tsayawa." Ya dafa kafaɗar Injiniya. "Kai kuma kada ka ce an kore ka hannu wofi. Kuna da katafila, kuna da tsakuwa. Wa ya fi ku sanin tudun nan? Ku za ku yi aikin."

Injiniya ya ce, "Mun gode, ranka ya daɗe." Da suna saukowa ya rage tafiya har Dakta ta iso shi. "Da kin bar mu da shi tun farko," ya ce a hankali, "da daga gindi za mu fara. Sai mu shekara goma ba mu kai sama ba."

Dakta ta rubuta wa hukuma takarda, aka amsa mata cewa an ji daɗin kishinta, kuma za a sa sunanta a allon da za a kafa. Ta nemi a ba ta ko wata ɗaya, aka ce an riga an sa ranar buɗewa, babban baƙo kuma ba ya ɗaga rana. Ta kwashi 'yan ƙwadagonta ta hau gefen arewa ba da izinin kowa ba. Ba su gama cire ciyawa ba katafila ta iso.

Ta tsaya gefe tana kallo. Ƙarfen katafilar ya shiga ƙasa, ja ta fito, sannan baƙa, da tsingaro, da wasu fararen abubuwa da ba ta so ta matsa ta tabbatar ko mene ne su. Direban, mutumin kirki, ya ɗaga mata hannu ya ce ta ja baya kada ƙura ta ɓata mata kaya. Ana loda wa tifa, tifa tana sauka, wata tana hawa.

"Ina ake kai ƙasar?" ta tambayi mutumin da ke nuna wa tifofin hanya.

"Babbar hanya, Hajiya. An ce a cike ramukanta kafin manyan baƙi su zo."

Ranar da za ta koma birni ta biya ta yi sallama. Kawu ya riga ya huce. Ya ce mata kada ta sa abin a ranta, kowa yana kuskure, ita ma da sannu za ta iya aikin. Inna ta rako ta har mota, ta riƙe hannunta, ta ce ta gaida yara.

Motar haya ta fita gari ta hau babbar hanya. Direba ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya waiwayo yana murmushi.

"Hajiya, kin ji hanya? Ko girgiza babu. Ai wannan yaƙin ya yi mana rana."